Kalmar Ƴanci, Jakin Kowa a Rubutunmu

Ƴan uwa marubuta, akwai kalma guda da munka mayar jakin kowa a cikin wanga ɗan littafi namu, ita ce ƴanci. Ku buɗe fitowar baya ku duba. Mai waƙar uku ga watan Agusta, ƴanci ya ce. Wadda ta rubuta labarin yarinyar da anka yi wa auren dole, ƴanci ta ce yarinyar ke nema. Yaron da ya ci bak ya bar gidan babansa ya tafi jami'a Maraɗi, shi ma wai ya samu ƴanci. Har mutumin da ƴan bindiga sunka sako bayan an biya kuɗi, cewa anka yi ya shaƙi iskar ƴanci, maganar da munka kwaso daga rediyo ko kakkaɓe ta ba mu yi ba. Abu huɗu ne mabambanta munka ɗaure da igiya guda. In marubuci ya rasa abin faɗi sai ya jefa ƴanci a ƙarshen baiti, a tafa mishi, a tashi.

Dalilin da ya sa na tada zancen yanzu shi ne, tun watan Maris na 2025 kundin da hukumomin ƙasa sunka sa wa hannu ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Ke nan fassara za ta yi yawa, kuma irinmu za a kira mu yi ta. Duk wanda ya zauna ajin Angile a CEG ya san yadda abin yake: mushe ya rubuta freedom da liberty a allo, ya ja musu layi, ya rubuta liberté a gabansu, mu kuma mu kwafe a kaye. Faransanci kalma guda gare shi, sai munka ɗauka ko'ina haka abin yake.

Ingilishi ya samu biyu ne ta dalilin yaƙi. Freedom ta gado ce, da ita kakanninsu sunka zo. Liberty baƙuwa ce, ta shigo bayan Normandawa masu jin Faransanci sun ci Ingila a 1066, harshen fada da na shari'a ya koma nasu. Shi ya sa har yau take warin takarda da hatimi. A Ingila ta da, jam'inta ake yi, a ce liberties, ana nufin alfarmar da sarki ya yarje wa wani gari ko wasu manya: ku an ɗauke muku kaza, ku kuna iya yin kaza. Takardar Magna Carta ta 1215 irin waɗannan alfarmomi ne a cikinta, kuma manyan ƙasa ne sunka tilasta wa sarki ya buga hatimi, talaka bai san ana yi ba. Sojan ruwa na Amurka in an ba shi wuni guda ya sauka gari, liberty ake kiran wanga izini, kuma in lokaci ya cika bai koma jirgi ba ya shiga uku. In Bature ya ce wani ya ɗauki liberties da shi, cewa yake an wuce gona da iri, an raina shi. Duk inda ka juya kalmar sai ka iske iyaka, ka iske mai shata iyakar.

Freedom ta fi faɗi, ta fi kusa da jiki. Ranar 6 ga Janairu 1941 shugaban Amurka Roosevelt ya lissafa guda huɗu a gaban majalisa: ta faɗin albarkacin baki, ta yin addini, sai rabuwa da rashi, sai rabuwa da tsoro. Biyun ƙarshen nan kunnen mai harshen ba ya ɗaukar liberty a cikinsu, don rabuwa da yunwa ba izini ba ne da za a rubuta maka. Haka masu gwagwarmaya irin su Mandela, freedom fighters ake ce musu. Daga tushenta kuma anka samu free, wadda ke nufin sakakke, tana nufin kyauta, tana nufin kujerar da ba kowa bisanta.

Amma kar wani ya ɗauki wagga magana ya mayar da ita katanga, ya je yana yi wa mutane burga da ita a fada. Masu harshen da kansu suna cakuɗa su. Isaiah Berlin, wanda laccarsa ta Oksfod a 1958 ta zama abin da kowa ke farawa da shi a wanga fanni, ya ce shi ma'ana guda yake nufi da su biyun. Rabon da ya dame shi wani ne: tsakanin a ƙyale ka kar a tsoma maka hannu, da ka zama kai ke riƙe da linzamin kanka. Sai a 1988 wata masaniya, Hanna Pitkin, ta zauna ta nuna cewa kalmomin ba tagwaye ba ne. Ko a nan yankinmu, Firitawun da anka kafa a 1792, da Laberiya, da Libarbil ta Gabon ta 1849, duk labari guda ne na bayin da anka ƴanta, ɗaya ta ɗauki suna daga wancan tushe, biyu daga wannan. Ni abin da na ɗauka a wurinsu tambaya biyu ce da ya kamata mai alƙalami ya yi kafin ya rubuta ƴanci: abin nan ba da shi anka yi, ko kuwa a cikinsa ake zaune? In ba da shi anka yi, wa ya bayar, kuma yana iya karɓewa?

Yanzu mu dawo gida, don namu rumbun ya fi nasu cika. Ƴanci daga ɗa ya fito, daga ƴa da ƴaƴa. Mu nan Katsinar Maraɗi da Gobir cewa muke ɗiya, shi ya sa muke da ɗiyauci. In tsoho ya ce wane ɗa ne, ba shekarunsa yake nufi ba, yana nufin ba bawa ba ne. Abin sha'awa, Latinanci ma haka ya yi: liberi na nufin ƴaƴan gida, daga tushen da ya haifi liberty. Free kuma dangin friend ce, wato na jiki, wanda ake ƙauna a cikin gida. Harsuna uku, duk daga cikin gida mai bayi sunka gano kalmar, ta wajen bambanta yaron maigida da wanda anka sayo. To amma Hausa ta ƙara wani abu da ya kamata ya tsaya mana a rai. Muna da ɗa, muna da ƴantacce, kuma kowa ya san ba ɗaya suke ba. Ƴantacce akwai wanda ya ƴanta shi, sunan wancan na biye da shi har jikokinsa.

Wanga bambanci ne ya kashe tsohon taken ƙasarmu. La Nigérienne, wadda wani Bafaranshe, Maurice Albert Thiriet, ya rubuta baitocinta a 1961, mun rera ta a filin lakwal shekara da shekaru. Abin da masu suka sunka riƙe a kanta shi ne wurin da take kiran mu da mu yi godiya kan sabon ƴancin da munka samu. Godiya ga wa? A Faransanci abin na iya wucewa ba a lura ba. Juya shi Hausa ka ji: muryar ƴantacce ce a ƙofar ubangidansa. A watan Yuni na 2023 majalisa ta amince da sabon take. Ni ina ganin masu sukar sun yi gaskiya, sai dai ina mamakin yadda da yawa cikinmu ke la'antar tsohon take da baki, su kuma koma su rubuta "Turawa sun ba mu ƴanci a 1960" a layin farko na waƙarsu. Ai abin da Thiriet ya faɗa ke nan, kun dai rage mishi kiɗa.

Wanda ke son ya ga tazarar da ke tsakanin takarda da rayuwa, ya karanta shari'ar Hadijatu Mani. A yankin Ƙonni anka sayar da ita a 1996, tana da shekara 12, kan jika 240, ta zama wahaya. A 2003 ƙasa ta yi dokar da ta mayar da bauta babban laifi. A 2005 ubangidan ya ba ta takardar ƴantarwa, da sa hannu da komi. Da ta ɗauki ƙafa za ta tafi sai ya ce ina, ai matarsa ce. Ta auri wanda take so, anka yanke mata wata shida na kaso wai ta yi aure bisa aure. Sai ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO, a zamanta na Yamai, ta ce gwamnatin Nijar ta gaza kare ta, ta biya ta diyyar sefa miliyan 10. Ku dubi shekaru ukun nan, daga 2005 zuwa 2008. Da wace kalma za ku kira halin da take ciki? Ƴantacciya ce, takarda ta shaida. Amma ba a sake ta ba, ba ta kuɓuta ba, ba ta da ikon kanta. Bature zai ce tana da liberty a aljihu, freedom ce babu. Marubucin da ƴanci kaɗai ya sani ba zai iya ba da labarin nan ba, don a wurinsa labarin ya ƙare tun ranar da anka miƙa mata takarda. Haka ƴar uwarmu mai labarin auren dole ta yi: alƙali ya raba auren, sai ta rufe da cewa yarinya ta samu ƴanci. Ina za ta kwana daren nan? Wa zai biya sadakin da za a ce a mayar? Nan ne labarin ya fara zaƙi, nan kuma anka ajiye biro.

Akwai wata kalma da kakanninmu sunka zaɓa da ta fi tamu wayo, ita ce sawaba. Da Malam Aminu Kano da abokansa sunka kafa NEPU a 1950, sanarwarsu da sunan sawaba ta fita. Jam'iyyar Djibo Bakary a nan gida ita ma sunan da ta ɗauka ke nan, kuma da shi ta nemi a ce a'a a ƙuri'ar 28 ga Satumba 1958. Ba su rasa kalmar ƴanci ba, tana nan. Amma mutanen da suke yi wa magana, direbobi da teloli da ƴan tebur da manoman gujiya, mutane ne da sunka ɗanɗani aikin tilas, wanda sai a 1946 anka soke shi, suna kuma biyan haraji suna jin bulalar dogari. Mai irin wanga kaya a ka, abin da yake nema a sauke mishi, ya samu sa'ida. Shi ya sa masanin tarihin nan na Holan, Klaas van Walraven, da ya rubuta babban littafinsa kan Sawaba a 2013, bai sa freedom ko liberty a sunan littafin ba, relief ya sa, wato sauƙi bayan wuya. Baƙo ya ji kalmar da kyau, mu ƴan gida mun bar ta ta zama sunan tarihi kawai. Ga kuma abin da ya biyo baya, wanda ya kamata mai waƙar uku ga Agusta ya sani: an haramta Sawaba a 1959, ƙasa ta samu mulkin kai a 1960, ta zauna ƙarƙashin jam'iyya guda har juyin mulkin Seyni Kountché na 15 ga Afrilu 1974. Tuta ta hau, bakin mutane na rufe. Ɗaliban da anka harbe a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990 ba mulkin kai suke nema ba, shekara talatin ke nan da samunsa.

Ƴan Agye kuna da misali a bayan gidanku da ke tafiya ta ɗaya hannun. A da, itacen da ke cikin gonarka ba naka ba ne a idon doka. Ka sare reshen gawo, ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara. Manomi da ya ga haka sai ya riƙa ƙwaƙule duk tsiron da ya fito tun yana ƙarami, don me zai yi renon abin da zai ja mishi tara? Bayan yunwar 1984, wadda tsofaffi ke kira El Buhari, da kuma aikin da su Tony Rinaudo sunka fara a Maraɗi tun 1983, mutane sunka koma barin kututtuka suna tofo, suna rage musu rassa, abin da muke kira sassaben zamani. Hannun hukuma ya yi sanyi a ƙauyuka, manomi ya fara jin itacen nasa ne. A Ɗan Saga har kwamitin gari anka kafa, da mata da makiyaya a ciki, su ke sa ido kan masu saran dare. An ƙiyasta hekta wajen miliyan 5 sunka farfaɗo a jihohin Maraɗi da Damagaram. Takardar gwamnati da ta tabbatar wa manomi itacen da ya rena kuwa sai a 2020 ta fito. A nan sakewa ce ta riga takarda zuwa da shekaru masu yawa. Ku lura kuma, sakewar ba ta zama kowa ya yi abin da ya ga dama ba, mutanen gari ne sunka shata wa kansu iyaka. In za ni rubuta labarin Ɗan Saga, kalmomin da zan nema su ne mallaka da iko da amana. In na ce manoma sun samu ƴanci, na ɓoye duk yadda abin ya faru.

Ta wajen Gidan Rumji abin ya fi ɗaci. Tun 2019 dubban mutane sunka ƙetaro daga Sabon Birni da sauran garuruwan Sakkwato da Zamfara, Gobirawa dangin na Tsibiri, wasu anka zaunar da su a Cadakori da Garin Kaka. Masu satar mutane ba su tsaya a iyaka ba. Mutumin ƙauyen bakin iyaka yana da katin ɗan ƙasa, ba bawan kowa ba ne, babu dokar da ta hana shi zuwa gonarsa. Amma in la'asar ta yi sanyi hankalinsa ya tashi, wani lokaci a cikin hatsi zai kwana da iyalinsa. Wagga ce ta huɗun Roosevelt, kuma Hausa ba ta buƙatar aro a kanta: kwanciyar hankali, barci da ido biyu rufe. In an kama mutum an sako shi, an sako shi ne, ko ya kuɓuta in da ƙafarsa ya gudo, kuma ba ɗaya ba ne, don na farko an sayar da shanu da gona. Kalmar da muke amfani da ita ma tana da nata tarihin. Fansa ita ce abin da bawa ko danginsa ke biya a da don ya fita hannun ubangida, kamar yadda murgu yake kuɗin da yake biya don a bar shi ya yi aikin kansa. Duk ranar da munka ce kuɗin fansa, harshe na gaya mana wane zamani ne ya dawo. Wanda ya shafe wannan da iskar ƴanci ya zubar da abin da ya fi komi nauyi a jimlarsa.

Na san abin da ke bakin kowa tun 26 ga Yuli 2023 shi ne ɗiyaucin ƙasa, kuma kalmar ta dace da abin da ake nufi. Sojan Faransa sun fita a Disamba 2023, na Amurka sun bar Agadas a 2024, kuma ba na jin akwai ɗan ƙungiyar nan da ya yi kukan tafiyarsu. Sai dai souveraineté, wadda Ingilishi ke kira sovereignty, ta ƙasa ce. Tana amsa tambayar wa ke yanke hukunci a Yamai, mu ko wasu. Ba ta amsa tambayar me zai samu ɗalibin Gazawa in ya rubuta abin da bai yi wa perefe daɗi ba. Wannan ta biyun ita Ingilishi ke kira civil liberties, haƙƙoƙin da doka ta kange don kar mai iko ya taka, kuma nan ne warin takardar da na ambata ɗazu ke da amfani, don mai ƙaramin ƙarfi takarda ce garkuwarsa. In munka fassara duka biyun da ƴanci, sai a ba mu ɗaya a ce mun karɓi biyu, mu kuma ba mu da bakin da za mu ce da saura. A watan da anka ɗaga darajar Hausa, a cikinsa anka rusa jam'iyyun siyasa. Ƙasar ta fita CEDEAO tun Janairu 2025, da dalilanta da kowa ya sani, har da rufe iyaka da yanke wuta da anka yi mana. Amma kotun da ta saurari Hadijatu ta CEDEAO ce. Wata wahayar ta yau, in alƙalan gida sun juya mata baya, ƙofar wa za ta buga? Mai son ƙasa ne ya kamata ya fara yin wagga tambaya, kuma ba zai iya yin ta ba in kalma guda gare shi.

Ko droits de l'homme da muke fassarawa ƴancin ɗan Adam, haƙƙi ya fi dacewa da shi. Haƙƙi ana bin sa bashi, ana cin sa, ana kai ƙara a kansa, kuma kowane Bahaushe ya san wanda ya ci haƙƙin wani ba ya kwana lafiya. Walwala kuma wata aba ce daban, ta fuska da jiki, irin ta ranar kasuwar Cadawa bayan kaka ta yi kyau. Ita ce ya kamata yaron da ya tafi jami'a ya rubuta, ko ya ce ya sake, don babansa bai taɓa bautar da shi ba.

Ɗiyauci kansa, da muke ta ɗaga shi sama, a riƙa taɓa shi da hankali, don ba a cewa ɗiya sai in akwai wanda ba ɗiya ba. A garuruwanmu har gobe in zancen aure ya taso ana aika tsohuwa ta binciko asali, kuma kowa ya san abin da ake bincike. Cikin duk abin da munka buga a wanga ɗan littafi tun farkonsa, ban ga labari guda da ya bi tsohuwar nan ya shiga gidan da ta shiga ba.